Kafanchan: Garin da Layin Dogo Ya Tara Mu

Yaranmu da yawa a garin nan aka haife su, amma in ka tambayi ɗayansu me ya sa ake ce wa Bayan Loko Bayan Loko, sai ya tsaya yana kallonka. Alhali kuwa tarihin Kafanchan yana nan a cikin sunayen unguwanninta da irin gine-ginenta, mai dubawa kawai ake nema.

Mu fara da sunan garin. Ba Hausa ba ne. Mutanen Fantswam ne ke zaune a wannan ƙasa, suna noma suna farauta, bakin Bahaushe ne ya juya sunansu ya koma Kafanchan. Wannan gaskiya ce, faɗinta kuwa ba ya rage mana komai. Haka kuma gaskiya ce cewa masarautar Jama'a ba jiya ta zo yankin ba. Malam Usman ne ya kafa ta wajen shekarar 1810 a Jama'ar Daroro, tana ƙarƙashin Zazzau. Amma fadar ba ta dawo cikin Kafanchan ba sai a 1933, zamanin Sarki Muhammadu. To me ya jawo sarki ya taso? Jirgin ƙasa.

Turawa suna neman hanyar da za su kwashe kuzar Jos zuwa bakin teku a Fatakwal. Dogon da ya taso daga can ya bi ta Inugu, inda ake haƙar kwal ɗin da jirgi ke ci, ya bi ta Makurɗi, ya iso nan. A 1927 wurin ya zama mararraba, hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau dutse zuwa Jos. Daga baya aka ja shi daga Kuru har Maiduguri, ya isa a 1964. Duk wanda zai sauya jirgi sai ya sauka a nan, mai sauka kuwa sai ya ci abinci, sai ya nemi masauki. Daga nan iyayenmu suka samu abin yi: fatake, mahauta, 'yan koli, dillalan citta, masu tuwo-tuwo a bakin tasha, da malaman allo da suka biyo su. Allah Ya jiƙansu.

Loko dai shi ne rumfar da ake gyaran kan jirgi, a ba shi ruwa da kwal. Unguwar da ta tashi a bayanta ta ɗauki sunan ke nan. In ka zaga kwatas ɗin reluwe za ka ga yadda Bature ya raba mutane bisa muƙami: gidan babban ma'aikaci da baranda da fili, na ƙanana kuwa ɗaki-ɗaki a jere kamar bariki. Cikin gari kuma layuka ne miƙaƙƙu da aka auna da igiya, ba irin lungunan Zariya ko Kano ba, da suke lanƙwasa yadda gado ya raba gidaje.

Gidajenmu ma sun sauya kama. Bahaushe ya zo da zaurensa, don ba ya yarda baƙo ya faɗa masa cikin gida kai tsaye. Amma soron ƙasa mai shimfiɗaɗɗen rufi da indararo bai iya jure damunar nan ba, wadda ke farawa tun Afirilu ta kai Oktoba. Dole aka koma jinka, daga baya kwano mai tudu. Shi ya sa za ka ga gida tsarinsa na Katsina, hularsa ta Kudu. Ni a ganina babu abin da ya fi wannan kama da mu kanmu.

Ba mu kaɗai jirgi ya kawo ba. Inyamurai sun cika aikin reluwe da shagunan kaya har zuwa tashin hankalin 1966, lokacin da suka gudu, wasu suka dawo bayan yaƙin basasa. Ga Yarabawa, ga Bajju da Kaninkon da Kagoro da Jaba da ke kewaye. Masallacin Juma'a da majami'ar St. Peter Claver duk gari guda suke, kasuwa ma ɗaya ce. Mutumin Takau ko Garaje ko Katsit ya shigo da doya da acca, ya koma da gishiri da atamfa, sau da yawa ma bashi, ba takarda ba shaida.

Wajen gari akwai abin kallo. Ga ruwan Matsirga kusa da Madakiya yana zubowa daga kan dutse, ga duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairu. A ƙasar Jama'a ne kuma aka tono wani kan mutum na yumɓu a ramin kuza, wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doya don korar ɓarna, har ya kai hannun Bature Bernard Fagg wajen 1943. Yau duniya na kiran irinsa kayan Nok, shekarunsu sun haura 2,000.

Abin da ya raba unguwannin nan kowa ya sani. Rikicin Maris 1987 daga Kwalejin Ilimi ya tashi, ya bazu har Zariya da Funtuwa da Katsina. Na 1999 a kan naɗin sarki ne. A 2001 gwamnati ta ba Fantswam tasu masarautar. Sai na Afirilun 2011 bayan zaɓe, wanda ya cinye kasuwa. Kowane karo sai wanda ke zaune cikin waɗanda ba addininsu ɗaya ba ya sayar da gida da araha ya koma cikin nasa. Yaron da ya tashi bayan haka yana zaton tun asali akwai layin da ba a tsallakawa in magariba ta yi. Ba haka ba ne, dattawan kowane ɓangare shaida ne.

Jirgin da ya tara mu ya daina zirga-zirgar da muka sani, ciyawa ta rufe dogo a wurare da dama. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su wakilta matasa biyu ko uku su zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage, namu da waɗanda ba namu ba, a rubuta wa ya fara zama a kowane layi, daga ina ya zo, wane ne maƙwabcinsa. A buga mana a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.