Addinin gargajiya na Akan: me ya sa kujera ke da girma haka?

Jama'a, da yawanmu muna da ɗan'uwa a zangon Kumasi ko a Abijan. Tun zamanin fataucin goro Hausawa ke zaune da Akan, wato Asante da Fante da Bono a Gana, da Baule da Agni a Kodibuwa. Yau mafi yawansu Kirista ne, akwai kuma Musulmi, amma al'adar kakanni ba ta ɓace ba. To, me suka gada?

A sama da kowa akwai Nyame, ko Onyankopon, mahaliccin kome, ranarsa Asabar. Ƙasa kuma suna ce mata Asase Yaa. Ranarta Alhamis, shi ya sa manomin Asante mai riƙe da al'ada ba ya sa fartanya a gona ran nan. Daga nan sai abosom, iskoki masu zama a duwatsu da ruwaye, kamar kogin Tano. Mai yi musu hidima shi ne okomfo, wanda suke hawa kansa su yi magana ta bakinsa.

A wurinsu mutum haɗi ne. Jini daga uwa yake, don haka dangi da gado da sarauta ta ɗakin uwa suke bi. Hali daga uba. Kurwa kuwa, okra, daga Nyame take, kuma tana tafe da ranar haihuwa. Daga nan sunayen Kofi (Juma'a), Kwame (Asabar) da Kwasi (Lahadi) suka fito, kamar yadda mu ma muke da Ɗanjuma da Asabe da Ladi.

Amma zuciyar abin ita ce kakanni, nsamanfo. A ganinsu mamaci bai bar gida ba, yana tsaron dangi, yana kuma fushi in an saɓa. Mazauninsa kujerar katako ce. In sarkin kirki ya rasu, sai a shafe kujerarsa da baƙin hayaƙi da ƙwai ta yi baƙi ƙirin, a aje ta ɗaki na musamman. Duk kwana 42, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidae: a shiga ɗakin, a zuba giya, a aje abinci, a kira sunayensu. Har gobe ana yinsa a fadar Manhyia ta Kumasi.

Babbar cikinsu ita ce kujerar zinariya, Sika Dwa Kofi. Tarihin baka ya ce Okomfo Anokye ne ya sauko da ita daga sama zamanin sarki Osei Tutu, wajen 1700, kuma kurwar Asante duka tana cikinta. Ko sarki ba ya zama kanta, ba a ma bari ta taɓa ƙasa. A 1900 gwamnan Ingila Frederick Hodgson ya ce a kawo masa ita ya zauna. Maganar nan ce ta tada yaƙin da Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranta. An ci Asante, an kai ta tsibiran Seshel inda ta rasu a 1921, amma kujerar ba ta shiga hannun Turawa ba.

Saboda haka, ƴan'uwa na zango, in kun shiga gidan Asante kuka ga kujera a jingine ko a karkace, ba sakaci ba ne: ana yi ne don kada wani iska ya zauna. Ku dakata sai mai gida ya nuna muku wurin zama. Zaman lafiya da maƙwabci daga irin waɗannan ƙananan abubuwa yake farawa.