Wasannin bidiyo da aka gina kan tatsuniyoyi da waƙoƙin jarumtar Farisa

A shagunan buga wasan bidiyo na garuruwa irin su Lafiya da Kano, wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi jan matasa. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe ƙananan wayoyin Nokia sun san Prince of Persia, wato Yariman Farisa, mai tsallake ramuka da takobi a hannu. Wannan wasa ɗaya ne daga cikin jerin wasannin da ke ɗebo labari daga adabin Farisa, ƙasar da a yau ake kira Iran, kuma tarihinsu ya ta'allaƙa ne kan tambaya guda: wa ke ba da labarin wata al'umma, 'ya'yanta ko baƙi?

Tushen labaran

Babban rumbun waɗannan labarai shi ne Shahnama, wato Littafin Sarakuna, wanda mawaƙi Abul Ƙasim Firdausi, mutumin garin Tus, ya kammala a shekarar 1010 bayan aikin fiye da shekaru 30. Waƙa ce mai baiti kimanin 50,000, wadda ta bi tarihin sarakunan Farisa tun daga zamanin tatsuniya har zuwa shigowar Musulunci. A cikinta akwai jarumi Rustam da dokinsa Rakhash, da tsuntsuwa Simurg wadda ta reni mahaifinsa Zal, da azzalumin sarki Zahhak mai macizai biyu a kafaɗunsa. Akwai kuma jarrabawowi bakwai da Rustam ya ketare ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta ƙarshensu ita ce kashe Farin Dodo. Wannan tsari na mataki bayan mataki, kowanne da abokin gabarsa, shi ne ainihin yadda ake shirya wasan bidiyo, abin da ya sa masu wannan sana'a ke sha'awar littafin.

Wasannin da aka yi a waje

Ba'amurke Jordan Mechner ne ya ƙirƙiro Prince of Persia a 1989 domin kwamfutar Apple II. Labarinsa na mugun waziri da gimbiya a kulle ya fi kusa da Dare Dubu da Ɗaya, littafin da Hausawa suka daɗe da sani, fiye da Shahnama. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya farfaɗo da shi a 2003 da The Sands of Time, sannan a fitowar 2008 ya aro Ahriman da Ormazd, wato jigogin sharri da alheri a addinin Zartusht na Farisawan da.

The Lost Crown, wanda ya fito a watan Janairun 2024, shi ne ya fi matsowa kusa da tushe. Jaruminsa Sargon yana neman ceto yariman da aka sace aka kai Dutsen Ƙaf, inda ikon Simurg ke juya lokaci. An kuma ba mai wasa damar sauraron muryoyin 'yan wasan da harshen Farisanci.

Amsar 'yan Iran

A cikin Iran kuwa, ƙorafi ya daɗe kan yadda fina-finai da wasannin ƙasashen yamma ke nuna magabatansu, musamman bayan fim ɗin 300 da ya nuna mayaƙan Farisa tamkar dodanni. A 2007 aka kafa wata gidauniya ta ƙasa domin tallafa wa wasannin kwamfuta. Kafin nan, kamfanin Puya Arts ya fara jerin Quest of Persia a 2005, wanda ya karkata ga tarihi.

Wanda ya fi fice a fagen tatsuniya shi ne Garshasp: The Monster Slayer na 2011, aikin wasu matasa a Tehran da aka sani da Dead Mage. Sunan Garshasp ya zo a Avesta, littafin addinin Zartusht, kuma Asadi Tusi ya rubuta masa doguwar waƙa a ƙarni na 11. A wasan, jarumin yana farautar Hitasp wanda ya kashe ɗan'uwansa. Takunkumin tattalin arziki ya takura musu wajen sayen kayan aiki, don haka suka dogara da manhajojin kyauta. Masu sharhi sun soki kurakuransa, amma ya isa kasuwar duniya, har aka yi masa ci gaba a 2012.

Dangantaka da Afirka

Irin wannan yunƙuri ya soma a wannan nahiya. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, Abubakar Salim kuma ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024 bisa al'adun Bantu. Ƙasar Hausa ma tana da nata jarin: Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, da yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina ta Zazzau, da Ganɗoki na Bello Kagara wanda aka buga a 1934. Abin da tarihin wasannin Farisa ya nuna shi ne an shafe fiye da shekaru 20 tsakanin ranar da baƙo ya sa sunan ƙasar a wasa da ranar da 'ya'yanta suka kai jarumin tatsuniyarsu kasuwar duniya.