Gidan Wasa na Savoy da Rigimar Kafet

A birnin Landan, a kan titin da ake kira Strand, dab da Kogin Tems, akwai wani tsohon gidan wasan kwaikwayo mai suna Savoy, a jikinsa kuma akwai ƙasaitaccen otal mai wannan suna. Fiye da shekara ɗari ke nan mutanen birnin suna caɓa ado da yamma su shiga kallon wasa mai waƙe-waƙe, in an tashi su tsallaka otal su ci abincin dare. Dalilin da ya sa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwa marubuta tarihin wurin shi ne, alƙalamin marubuci na cikin abin da ya gina shi, kuma a kan kuɗin shimfiɗar ƙasa marubucin ya ɓata da abokan aikinsa.

Mutum uku ne suka haɗa gwiwa. W. S. Gilbert shi ke rubuta labari da baitoci, Arthur Sullivan ya ɗora masu kiɗa, shi kuwa Richard D'Oyly Carte ɗan kasuwa ne mai shirya wasanni. Carte ne ya gina gidan, aka buɗe shi ranar 10 ga Oktoba, 1881, da wasansu mai suna Patience. A wancan zamani fitilun gas ake kunnawa a gidajen wasa, ga zafi ga ƙarancin iska. Sai Carte ya sa kwan lantarki kusan 1,200 irin na Joseph Swan, abin da ya sa Savoy ya zama ginin jama'a na farko da aka haskaka gaba ɗaya da lantarki. Da yake mutane na tsoron gobara, sai ya hau dandamali da kansa ya fasa kwan fitila tana ci, don kowa ya gani da idonsa.

Kasuwa ta buɗe ƙwarai. Wasansu The Mikado na 1885 sau 672 aka nuna shi a jere. Da ribar waɗannan wasanni Carte ya gina otal ɗin, aka buɗe a 1889, ya ɗauko César Ritz ya zama manaja, Auguste Escoffier kuma shugaban kuku. Kafin su, ba kasafai matan manyan gida ke cin abinci a bainar jama'a da dare ba. Waɗannan biyu suka mai da abin ya zama na alfahari, har Escoffier ya ƙirƙiro wani abin zaƙi ya sa masa sunan mawaƙiya Nellie Melba.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu a 1883 ta ce za a raba riba kashi uku, bayan an cire kuɗin haya da na gyare-gyaren da wasan ya jawo. A 1890 Gilbert, wanda dama lauya ne kafin ya rungumi rubutu, ya nemi ganin lissafin sabon wasansu The Gondoliers. Ya tarar an kashe fam 4,500, a ciki ya ce har da fam 500 na sabon kafet da aka shimfiɗa a wajen shigar 'yan kallo. Ya ce atafau wannan hidimar mai gida ce, ba ta shafi wasa ba. Ni dai a ganina yana da gaskiya, ko da yake zafin zuciyarsa ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa kai littafinsa maɗaba'a, aka ce masa kuɗin takarda ya cinye riba, ya san abin da ke cin Gilbert a rai.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne Sullivan ya goyi bayan Carte, domin a lokacin Carte na gina wani sabon gida inda za a nuna Ivanhoe, babban aikin da Sullivan ya daɗe yana buri. Magana ta kai kotu, aka umarci Carte ya biya Gilbert ƙarin kuɗi. Ya sami haƙƙinsa, amma zumunci ya riga ya tsage. Sun sake haɗuwa a wasa biyu, Utopia, Limited a 1893 da The Grand Duke a 1896, sai dai babu wanda ya kama ƙafar na baya. Sullivan ya rasu a 1900, Carte a 1901, Gilbert a 1911.

Ritz da Escoffier ma ba su wanye lafiya ba, domin a 1898 aka sallame su bisa zargin almundahana da kayan otal. Gidan wasan kuwa an sake fasalin cikinsa a 1929, gobara ta cinye shi a watan Fabrairu na 1990, aka mai da shi kamanninsa na 1929 aka sake buɗewa a 1993.