Baiko da begen tashin matattu: daga kabarin Girku zuwa gonakin Magarya

Dantchiao ƙasar noma ce a kudancin jihar Damagaram, tsakanin Magarya da Dungas, dab da iyakar Najeriya. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne arzikinta, kuma kusan kowa a cikinta Musulmi ne. A ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk da wannan ƙaranci, sunayen asibitocin Galmi da Danja sanannu ne a bakin talakawan kudancin Nijar da na arewacin Najeriya, domin can ne ake nufa idan ciwo ya gagari na kusa. Wuraren nan biyu an gina su ne da kuɗin da Kiristoci suka tara a majami'unsu, abin da Hausawa masu bi ke kira baiko. Tarihin yadda baikon ya iso wannan ƙasa ba ya rabuwa da abin da masu bayarwa suka gaskata game da mutuwa da abin da ke bayanta.

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Niyyarsu su kai bishara ƙasar Sudan, wato faɗin ƙasar da Hausawa da Barebari da Fulani ke zaune. Babu wata babbar ƙungiya a bayansu, ɗan guzurinsu 'yan uwa da abokai ne suka haɗa. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu da zazzaɓi, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da ƙyar. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 aka samu kafa tasha ta farko a Patigi, a bakin Kwara. Daga nan ƙungiyar da aka sani da SIM ta tsiro.

A lissafin kasuwa, wanda ya zuba jari sau biyu ya tashi da gawa biyu ba ya komawa na uku. Mutanen da suka ci gaba da jefa kuɗi a faranti a Toronto da sauran garuruwa ba su yi wannan lissafi ba, saboda a wurinsu kabarin Girku wurin jira ne. Tushen bangaskiyar Kirista shi ne Yesu Almasihu ya mutu ya kuma tashi a rana ta uku, kuma masu binsa za su tashi kamar yadda ya tashi. Wanda ya buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa zai ga wani abu da ya fayyace al'amarin: sura ta 15 gaba ɗayanta a kan tashin matattu take, kuma da ta ƙare, abin da ya biyo baya nan take shi ne tsarin tara gudummawa domin matalautan Urushalima, kowa ya ware abin da ya samu a ranar farko ta mako, ranar da Kiristoci ke tunawa da tashin. Tun daga tushe, bege da baiko a jere suke. Musulmin Dantchiao da ya san sadaka mai gudana da ranar tashin ƙiyama ba zai ji wannan tunani baƙo ba, ko da yake hanyoyin biyu sun bambanta ƙwarai a kan wane ne Isa da abin da ya same shi.

Cikin waɗanda suka amsa kira a 1902 akwai Andrew Stirrett, mai shagunan sayar da magani a Toronto. Ya sallama dukiyarsa ga mishan, ya zo ƙasar Hausa, ya koyi harshen, har ya shiga cikin masu aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ɗauki babban kasonsa. Hausawa suka sa wa Stirrett suna Bature Mai Magani. Bai koma ya ci gajiyar tsufa a ƙasarsu ba, a Najeriya ya rasu a 1948.

Ta ɓangaren Nijar, da ke ƙarƙashin mulkin Faransa a lokacin, kuwa, 'yan SIM sun shiga Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya tashoshi suka yaɗu har Dungas, tsohuwar ƙasar Sosebaki, maƙwabciyar Dantchiao. Ba a yi musu maraba ba. Nasaran Faransa na zarginsu da zama idon Ingila saboda Turancin Ingilishi suke yi, malamai kuma na ganinsu masu neman raba mutane da addininsu. Shekaru suka yi ta wucewa, masu bi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba a wurare da dama. Abin da ya buɗe musu ƙofar gidaje shi ne akwatin magani: wankin miki, ɗigon ido, maganin zazzaɓi, cire haƙori.

Inda aikin ya fi nauyi, kuma inda ya fi cancantar a tsaya a duba, shi ne wajen kutare. A wancan zamani kuturu ya san matsayinsa: bakin kasuwa, ƙoƙon bara, kwanon cinsa daban. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin Ingila da sarakunan Arewa suka danƙa wa SIM kula da zangunan kutare na larduna, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Maganin farko allurar wani mai ce da ake samu daga 'ya'yan itacen Indiya, mai zafi ƙwarai, amfaninta kuma kaɗan. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapsone ta fara shigowa, aka ga cutar na tsayawa da gaske. A Nijar an buɗe cibiyar Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Yawancin aikin irin wannan wuri ba na ban mamaki ba ne. Kuturta tana kashe jijiya, ƙafa ta daina jin zafi, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, miki ya ci ya kai ƙashi. Don haka kullum sai a jiƙa ƙafar a ruwa, a kankare kaushi, a shafa mai, a duba tsakanin yatsu, a naɗe, a ɗinka masa takalmi mai taushin ciki. Gobe a sake. Ma'aikaciyar jinya da ta bar ƙasarsu ta zauna shekara da shekaru tana riƙe ƙafar da danginsa ke ƙyama, tana yin haka ne bisa imanin cewa wannan jikin da cuta ta cinye shi ne Allah zai tayar cikakke, saboda haka ba abin yarwa ba ne tun yanzu. A ganina babu inda koyarwar tashin matattu ta fito fili a ƙasar Hausa kamar a wannan aiki.

Sai dai kyautar ba ta zo ita kaɗai ba. A zangunan kutare ana wa'azi kafin a ba da magani, kuma sarakuna sun yi ƙorafi a kan koya wa 'ya'yan Musulmi addinin Kirista. Mai ciwo ba shi da ƙarfin cewa a'a, kuma duk alherin da aka yi wa wanda ba shi da zaɓi yana barin tambaya a zuciyar danginsa. Wannan zargi bai gushe ba har yau. Akwai kuma wani gefen da Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta yi bincike a Maraɗi, ta bayyana a littafinta na 2006: begen nan na lahira, da jiran dawowar Almasihu nan kusa, ya sa mishan ta ɗauki wa'azi gaba da komai, ta yi jinkirin buɗe makarantun boko na Faransanci. 'Ya'yan masu bi na farko suka tashi da karatun Hausa da na Littafi, amma ba su da takardar shiga aikin gwamnati. Da aka kafa ikilisiyar ƙasa, EERN, a lokacin samun mulkin kai, wannan ƙorafi yana cikin abin da ya daɗe yana dama zumunci tsakanin Kiristocin Nijar da 'yan mishan. Begen da ya sa mutum ya ba da ransa shi ne kuma wani lokaci ya sa ya raina bukatar duniya ta wanda ya zo taimaka wa.

Asibitin Galmi, wanda Dokta Burt Long ya fara a 1950 a kan hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni, ya kauce wa yawancin wannan gardama, domin wanda aka yi wa tiyatar gwaiwa ko aka ciro wa matarsa ɗa da rai ya san abin da ya samu.

Fari na shekarun 1970 da na 1984 ne ya sauya tunanin mishan game da duniya. Yunwar 1984 ta zo wa mutanen bakin iyaka da ƙarin masifa, saboda gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya a shekarar, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunansa. Ga garuruwa irin Dantchiao, da cin rani da cinikinsu duk kudu suke fuskanta, rufe iyaka daidai yake da rufe rumbu. A lokacin akwai wani matashi ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ya zo Maraɗi a 1981 ƙarƙashin SIM domin dashen itatuwa. Dashen bai yi ba: rana ta ƙone, awaki su cinye, iska ta binne sauran. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar kuɗi. Manomi ya tsaya a kan kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya datse sauran da kaifin adda yana yankawa sama don kada ɓawon ya tsage, ya rage ƙananan rassan gefe, ya bar su su miƙe. Cikin 'yan shekaru ya sami itacen girki da harawar dabbobi da inuwar da ke kare shuka daga iskar farkon damina. Aka sa wa abin suna sassabin zamani.

Da yunwa ta tsananta, aka haɗa rabon hatsin agaji, wanda majami'u na ƙasashen waje suka saya, da sharaɗin barin itatuwa a gona. An kare itatuwa wajen 500,000 a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare, manoma suka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Rinaudo da kansa yana ba da wannan labari ba ɓoyewa. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga gero bai ragu ba, maƙwabta suka gani, abin ya bi kasuwanni da bakin masu cin rani ba tare da buhun kowa ba. Bayan shekara 20, masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma kimanin hekta miliyan 1 daga ciki a Magarya da Matamai da Mirya suke. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

A nan adalci ya wajaba. Gawon ƙasar Magarya ba mishan ce ta kawo shi ba. Manoman Damagaram sun daɗe da sanin cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabbobi, kuma ana ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan Damagaram, musamman Tanimun, suka sa a kan mai sare shi. Abin da ya raunana al'adar shi ne dokar da ta mai da itace na gwamnati, har manomi ya ga itace a gonarsa tara ce kawai ke jiransa a hannun jami'an gandun daji. Da dokar ta sassauta, mutane suka koma ga abin da suka sani. Rabon mishan shi ne ta tuna wa wani yanki hanyar a lokacin da aka fid da rai, kuma cikin duk abin da baiko ya saya a ƙasar nan, wannan ne ya fi yaɗuwa, domin an bar shi a hannun masu gona ba a tambayi addininsu ba.

Kiristocin ƙasar su ma masu bayarwa ne, ko da yake ba a cika rubuta nasu ba. A ƙananan majami'un karkara ana fid da zakka, ana yin godiyar kaka da damin gero da kwanon wake da kaza, a tara a rumbun ikilisiya domin fasto da gwauraye da baƙo. Zumuntar mata kan haɗa sabulu da hatsi su kai gidan haihuwa ko gidan makoki. A wajen jana'iza ana kuka, ana kuma waƙoƙin tashi, sannan a zagaya da faranti domin iyalin mamaci.

An gwada wannan bege da wuta a watan Janairu na 2015. Bayan zanen ɓatanci ga Annabi da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram ranar 16 ga wata, washegari a Yamai. An ƙone majami'u da dama, da makarantu da gidajen Kiristoci, mutum 10 suka rasa rayukansu. Ɗaruruwan Kiristocin Damagaram suka fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Mutanen da ba su san jaridar ba, ba su kuma yarda da abin da ta yi ba, su ne suka biya. Shugabannin ikilisiya suka yi kira da a yafe, aka yi sujada a cikin gine-ginen da suka ƙone, aka sake gini da gudummawar ciki da waje.

Asibitocin ba su rufe ba. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da haɗin magungunan kuturta kyauta, masu cutar suka ragu ƙwarai, Danja kuma ta ƙara wani aiki: a 2012 aka buɗe sashen gyaran mata masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta raunata, da yawansu mazajensu sun sake su. A Galmi yanzu ana horar da likitocin tiyata 'yan Afirka, kuma mafi yawan ma'aikatan asibitocin biyu 'yan Nijar ne.