Bashin Kubera da Farashin Jira a Tirumala

Duk mai son ya soki haikalin Venkateswara da ke bisa duwatsun Tirumala, a jihar Andhra Pradesh ta kudancin Indiya, ba zai rasa abin kamawa ba. Dubun-dubatar mabiya addinin Hindu ke hawa can kullum, kuma kusan ko'ina mutum ya juya kuɗi ne ke kai da kawowa. Ana sayar da laddu, alewar haikalin da tun 2009 doka ta hana wani ya yi irinta da sunan Tirupati, garin da ke gindin duwatsun. Masu cika alwashi suna zaunawa gaban wanzamai a Kalyana Katta, a jiƙa kai da ruwa, a bi shi da aska, maza da mata har da yara. Hukumar haikalin, TTD, ta tattara sumar ta yi gwanjonta ga 'yan kasuwa. Irin wannan suma ce ake sarrafawa ta zama gashin kanti da ake rububi a Turai da Afirka. Daga nan wasu ke yanke hukunci cewa kasuwa ta haɗiye ibada.

Ina ganin hukuncin ya yi gaggawa. A labarin da mabiyan suka gada, Venkateswara, wanda suke ɗauka siffa ce ta abin bautarsu Vishnu, ya ci bashi a wurin Kubera, ubangijin dukiya a wajensu, don ya auri Padmavati, kuma har yau bai gama biya ba. Saboda haka wanda ya jefa kuɗi ko sarƙar zinariya cikin hundi, asusun baiko na haikalin, a ganinsa taya abin bautarsa biyan bashi yake yi. Sarakuna ma haka suka yi: Krishnadevaraya na daular Vijayanagara ya ziyarci wurin sau da dama a farkon ƙarni na 16, ya zuba zinariya da duwatsu masu daraja. Dukiya ba baƙuwa ba ce a Tirumala, da ita aka gina ma'anar ziyarar. Daga baikon jama'a ne kuma ake ciyar da maziyarta kyauta tun 1985, ake riƙe asibitoci da makarantu.

Inda tuhuma ta dace shi ne kan lokaci. Burin maziyarci duka shi ne darshan, wato ya tsaya gaban gunkin su haɗa ido, abin da ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi kafin ma'aikata su tura shi gaba. Kafin wannan ƙiftawar, wani ya taka matakala 3,550 na hanyar Alipiri, sau da yawa ba takalmi, yana kiran Govinda, wani sunan abin bautar. Sannan a shigar da shi rukunin ɗakunan jira na Vaikuntam, a rufe ƙofa, a buɗe ɗaki bayan ɗaki, wani lokaci har ya kwana a ciki. Wanda kuwa ya sayi tikitin rupi 300 ta intanet, jiransa taƙaitacce ne, balle manyan baƙi da ke da nasu lokacin na musamman.

Masu kare tsarin suna cewa tikiti yana rage cunkoso, kuma kuɗinsa talaka yake komawa wa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai labarin Kubera ya halatta bayarwa ne, bai ce mai bayarwa ya tsallake ɗan'uwansa ba. Idan wahalar jira ɓangare ce ta ibada, kamar yadda masu hawa da ƙafa suka ɗauka, to mai tikiti ya sayi rangwamen ibada. Idan kuwa wahala ce kawai, an ɗora ta kan wanda bai da hali. A ranar 8 ga Janairun 2025, mutum shida suka mutu a turmutsutsu a garin Tirupati, a wajen rabon katin shiga na bikin Vaikunta Ekadasi, katin da kyauta ake bayarwa.