Daga Faris zuwa Azare: Yadda Ake Horar da Likitan Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

Fannin likitancin ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyi ya samu gindin zama ne a Turai a ƙarni na 19. A 1860 aka buɗe asibitin Queen Square a Landan domin masu farfaɗiya da shanyewar jiki, a 1882 kuma Faransa ta naɗa Jean-Martin Charcot farfesan wannan fanni a asibitin Salpêtrière da ke Faris. Daga nan kowace ƙasa ta kama tata hanya. A Amurka, likita kan yi shekara 4 bayan kammala makaranta: ɗaya a cututtukan cikin jiki, uku a jijiyoyi. Jamus na buƙatar shekara 5, ɗaya daga ciki a sashen masu taɓin hankali.

Najeriya ta bi sawun Ingila. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan, wanda ya rasu a 1995, a Newcastle da Landan ya ƙaro ilimi, ya dawo gida ya yi fice da bincikensa kan lalacewar jijiyoyi da ke biyo bayan yawan cin rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Da aka kafa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma a 1976, da Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, sai ƙwarewa ta samu a gida ba sai an ƙetare teku ba.

Hanyar dai doguwa ce. Shekara 6 a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Bayan jarrabawar share fage, likita zai shafe shekaru yana duba masu ciwon suga, zuciya da ƙoda, kafin a bar shi ya karkata ga jijiyoyi, ya rubuta kundin bincike, ya zauna jarrabawar ƙarshe. Wannan tsari ya dace da ƙasar da likita ɗaya ke ɗaukar ɗawainiyar ɗaki cike da marasa lafiya iri-iri, domin galibin masu shanyewar ɓarin jiki da hawan jini suke zuwa. Illarsa ita ce ƙwararrun kan fito 'yan ƙalilan, kuma manyan birane da ƙasashen waje ke kwashe su.

Ƙasar Katagum ta san tsadar wannan rashi. Tana cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin zafi, kuma annobar 1996 ta bar kurame da masu farfaɗiya a faɗin Arewa. Azare, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum tun 1916, ta samu Cibiyar Lafiya ta Tarayya, sannan a 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a garin. Yanzu yaro daga Zaki, Gamawa ko Shira zai iya fara karatun likita a kusa da gida. Matakin ƙwarewa kuwa sai kwalejojin nan biyu sun tantance asibiti, sun tabbatar yana da manyan likitocin koyarwa da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kafin su amince a horar da likitan jijiyoyi a cikinsa.