Igwa a Kan 'Yan Dako: Rundunar Kumasi da Yaƙin Tsaunuka

A shekarar 1900, lokacin da Asantawa ƙarƙashin Yaa Asantewaa suka yi wa sansanin Turawan Ingila da ke Kumasi ƙawanya, sun datse hanyoyin garin da shingayen gungume masu kauri. Ƙananan igwogi masu harsashin laba 7 ba su iya yi wa shingayen wata ɓarna ba. A watan Yuli ne Kanar Willcocks ya iso da sabuwar igwa ƙirar Vickers mai baki milimita 75, wadda aka ƙera domin yaƙin tsaunuka. Ana warware ta gunduwa-gunduwa, a hau dutse da ita, a sake haɗawa.

A ƙasar Indiya alfadarai ke ɗaukar irin wannan kaya. A kurmin Afirka kuwa ƙudan tsando ba ya barin dabbar kaya ta rayu, don haka nauyin ya koma kan mutane. Rundunar Gold Coast da aka kafa a 1901, wadda ta yi mazauni a Kumasi, ta horar da 'yan dako na musamman domin igwoginta. Yawancin dakarunta 'yan arewa ne da ake kira Hausawa, kuma da Hausa suke magana a bariki kamar yadda ake yi a Zango.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai fagen daga ya yawaita. Rundunar ta shiga Togo a Agustan 1914, aka tura wani sashenta Kamaru, sannan a 1916 ta tafi Gabashin Afirka da igwa biyu kacal. Da su ta tunkari Jamusawa a tsaunukan Uluguru da tuddan Kibata. Kamaru ta nuna iyakar ƙarfin wannan makami: dakarun Jamus da suka maƙale a Dutsen Mora sun jure hare-haren rundunar Nijeriya da ruwan harsashi har zuwa Fabrairun 1916.

Ashe matsalar ba ta tsaya ga ƙarancin igwa ba. Kowace igwa na bukatar ayarin masu ɗaukarta, da masu ɗaukar harsashinta, da masu ɗaukar abincin dukkansu. Idan zazzaɓi ko yunwa ta kwantar da su, igwa ta zama tarin ƙarfe a gindin dutse. Littattafan tarihi sun adana sunayen hafsoshi da lambobin yabonsu, amma akasarin waɗanda suka hau da igwar kan tsauni ba a rubuta ko sunansu ba.